Takardar da ta ce ba ka da hankali: wa ke da ikon jin abin da ke cikinta?

A wannan fitowa ina so mu tsaya kan wata tambaya da ta fi kama da aikin ƴan sashen shari'a, amma ni da nake sashen nazarin harshe na ga ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Idan aka kai mutum gaban alƙali ana cewa hankalinsa ya taɓu, don haka a hana shi sayar da gonarsa, ko a warware cinikin da ya riga ya yi, ko a naɗa wani ya riƙe masa dukiya, akwai takardun da ake tarawa a kansa: ta likita, ta shaidu, da wasiƙar da danginsa suka rubuta wa kotu. To wa ke da ikon ganin waɗannan takardu? Shi mai abin, yana cikin masu gani?

A wajenmu Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, Kore Mairuwa, Gecheme har Tibiri, wannan magana ba ta cika zuwa kotu da sunanta ba. Ta bayan gida take shigowa, cikin rigimar gona ko ta gado. Tsoho ya sayar da wani yanki na gonarsa cikin Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa kuma ƙasa ta yi daraja, ƴaƴansa da ke Yamai ko Kwatano su ji labari, sai su ce ai baba ya ruɗe, cinikin bai yi ba. A fara zama gaban mai gari, a wuce gaban sarki don sulhu, idan sulhu ya ƙi sai kotu. Tun da aka kafa dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kawo kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo, mai saye yakan zo da takardar ciniki mai hatimi. Su ma ƴaƴan sun gane cewa baki kaɗai ba ya ture takarda, sai su nemo tasu, wato ta likita. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su da yawa a ƙasar, sau da yawa sai an kai tsohon Doso, ko an yi tafiyar fiye da kilomita 250 zuwa Yamai.

Ku bi sawun wannan takarda daga ranar da aka sa mata hannu. Babban ɗa ya karɓa ya karanta, ko ya ba wani ya karanta masa. Mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kotu ya karanta, don ya san abin da zai sa cikin ƙara. Yaron shagon fotokofi ya gani, kuma kwafin da ya fito da duhu ya jefa shi kwali, gobe ka iske an ƙunshe ƙosai da shi (wannan ɗan littafi da kuke riƙe da shi ta irin wannan injin ya fito, kun san ba ƙarya nake ba). Magatakardan kotu ya gani, tafinta ya gani, mai saye ya ji. Mutum guda ne kawai ba a cika tunawa da shi ba, shi ne wanda sunansa ke saman takardar. Idan ka tambaya a ce maka: to mi zai gane? Ai ba shi da hankali.

Wannan amsa ita ce abin da ya hana ni sakat. Abin da aka zo kotu a gano shi ne ko yana da hankalin ciniki ko ba shi da shi. Idan tun kafin alƙali ya buɗe baki an hana shi jin hujjar da ke kansa saboda wai ba zai gane ba, to an yanke hukunci a zaure, zaman kotu ya zama cika al'ada. Kuma abin yana ciyar da kansa. Wanda bai ji abin da aka ce a kansa ba, amsarsa za ta zo a karkace, ya yi ta maganar iyakar gona alhali ana maganar ƙwaƙwalwarsa, sai masu kallo su haɗa ido su ce kun gani ko, ya ruɗe.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙauye ce ko ta rashin boko. A Rasha, birnin San Fitasbag, ranar 28 ga Disamba 2004, wata kotu ta zauna minti goma ta yanke cewa wani saurayi mai suna Pavel Shtukaturov ba shi da ikon tafiyar da al'amuransa. Mahaifiyarsa ce ta shigar da ƙarar. Ba a kira shi ba, ba a aika masa da hukuncin ba. Sai a watan Nuwamba 2005 ya ci karo da kwafin hukuncin cikin takardun mahaifiyar a gida. Da ya nemi ɗaukaka ƙara, aka ce ba shi da ikon yi sai ta hannun mai riƙonsa, mai riƙon kuwa ita ce wadda ta kai shi. Kotun Turai ta haƙƙin ɗan Adam ta ce a watan Maris 2008 an tauye masa haƙƙin shari'ar adalci. Ku lura, wannan saurayi ya iya karatu, kuma takardar da harshensa aka rubuta ta. Ɓoye ta kawai aka yi.

Na biyun ya fi kusa da mu, domin a Yamai aka yanke shi. A watan Mayu 2003 Hukumar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da na al'ummomi ta yi zamanta na 33 a babban birninmu, kuma a nan ta yanke ƙarar da wasu mutane biyu, Purohit da Moore, suka shigar da ƙasar Gambiya a madadin majinyatan sashen Campama na Banjul. Dokar da ake tsare mutane da ita a can ta zamanin Ingilishi ce, ta 1917. Da takardar likita da sa hannun alƙali an gama da kai, ba inda za ka kai kuka. Hukumar ta ce dole a saurari mutum, a bar shi ya samu mai kare shi. Ta kuma ƙara da abin da ya faranta mini rai a matsayina na ɗan harshe: ta ce su kansu kalmomin da dokar ke kiran waɗannan mutane da su suna zubar musu da mutunci. Bayan shekara biyar, a 2008, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aya ta 12 da ta 13 nata suka ce naƙasa ba ta cire mutum daga gaban doka, kuma a daidaita masa hanyar shari'a yadda zai iya shiga a yi da shi.

Wani zai ce duk wannan kayan Turawa ne. To mu dawo gida. Dokar tsarin kotuna ta 22 ga Yuli 2004, a aya ta 63, ta ce a kan ikon mutum na ƙulla ciniki da tsayawa gaban kotu, da aure, da gado, da gonar da ba a yi mata rajista ba, alƙali zai bi al'adar masu shari'ar. Dokar 2018 da ta maye gurbinta ta riƙe wannan tsari, kuma shi ya sa ake zaunar da masana al'ada kusa da alƙali suna ba shi shawara. Al'adar yawancinmu yau ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya. Fiƙihu ya san hana mutum taɓa dukiyarsa, sunansa hajru. Aya ta 5 da ta 6 na Suratun Nisa'i sun yi maganar kada a miƙa dukiya ga wanda ba zai iya riƙe ta ba, da jarraba maraya kafin a ba shi tasa, aya ta 282 ta Baƙara kuma ta ba waliyyi ikon yin shifta a madadin mai rauni. Malamai sun ɗauki abin da nauyi har suka saɓa: Abu Hanifa bai yarda a yi wa baligi ɗa mai hankali hajru don almubazzaranci ba, Imamu Malik ya yarda.

Amma abin da nake so ku riƙe daga Malikiyya shi ne i'izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci a kan mutum, wajibi ne ya sanar da shi shaidar da aka kawo a kansa da waɗanda suka ba da ita, ya tambaye shi ko yana da sauran hujja, ya ba shi lokaci idan ya nema. Yana cikin Muhtasar na Halil da ake karantawa a zaurukan malamanmu, kuma a kotunan shari'a na Sakkwato da Kano har gobe ana rushe hukunci idan aka tarar ba a yi shi ba. Hausawa ma sun ce ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Ko tsohon kundin Faransa na 1804, wanda muka gaji gangar jikinsa lokacin samun ƴanci a 1960, ya ce kafin a hana mutum ikonsa sai kotu ta yi masa tambayoyi da kanta. Kun ga ta kowace ƙofa ka shiga, ƙa'idar tana nan. Abin da ke faruwa tsakanin ƙa'ida da ranar zama shi ne matsala, kuma a nan harshe ke shigowa.

Domin a ƙasarmu ana iya miƙa wa mutum takarda a hannunsa kuma ta kasance a ɓoye. Da faransanci ake rubuta ta, kuma ba faransancin lakwal ba, na likitoci. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci da ingilishi harsunan aiki, amma dosiyen kotu da na asibiti suna nan yadda suke. Saboda haka idan magatakarda ya rubuta cewa an ba wane kwafi, ya dangwala yatsa, a ido doka ta cika. A kunnen mai abin ba a ce komai ba.

Na taɓa zama tafintan irin wannan takarda, ba a kotu ba, a tsakar gida. Ƙanen kakana ne, ba zan faɗi gari ba balle suna. Ya sayar da gefen gonarsa, ƴaƴansa suka kai shi wani asibiti aka rubuto takarda, shari'a ta doso. Mutum ne mai karanta Alƙur'ani da ajami, boko ne bai yi ba. Ina hutu, ya aika aka kira ni, ya zaro kwafin daga aljihun rigarsa.

Ya ce: “Kai ɗan lakwal, zo karanta min abin ga da anka rubuta bisa kaina. Kowa ya ji, ni ban ji ba.”

Na ce: “Kaka, an ce kana da mantuwa, kuma wai ba ka gane lokaci.”

Ya ce: “Mantuwa kam akwai ta. Lokaci fa, ƙaƙa?”

Na ce wai an tambaye shi kwanan wata bai sani ba, an ba shi lissafi ya kasa. Ya yi shiru, sannan ya ce: “Lokotoron ga, watan nasara yat tambaye ni. Nic ce mai yau sha biyu ga watan azumin tsofaffi, yaron da ka fassara mai yay yi dariya. Sannan yac ce in ɗebe bakwai cikin ɗari. Nic ce bakwai ɗin mi, tumaki ko dala? Ba su ba ni amsa ba.”

Daga baya na gane tambayoyin sun yi kama da wani gwaji da Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1975, wanda likitoci ke amfani da shi a ƙasashe da yawa. Maki 30 ne, kuma ana yawan ɗaukar ƙasa da 24 a matsayin alamar matsala. A ciki akwai shekara da wata da kwanan wata, akwai cire bakwai-bakwai daga ɗari har sau biyar, akwai karanta jumla, rubuta jumla, da kwaikwayon wani zane da alƙalami. Ku lissafa da kanku makin da manomi lafiyayye zai zubar idan kalandarsa ta wata ce, bai taɓa riƙe biro ba, kuma a bakinsa “ɗari” na nufin dala ɗari, wato faran 500. Likitoci sun san ilimin boko na taɓa sakamakon wannan gwaji, masu kula suna gyarawa. Amma alƙalin da ke karanta layi biyu a kan takarda ba zai san abin da aka tambaya da abin da aka amsa ba, sai fa idan mai amsar ya ji takardar ya ce a'a, ga yadda aka yi.

Ba ina cewa tsohon lafiyarsa ƙalau ba. Yakan ajiye kuɗi ya manta, yakan kira sunan matarsa da ta rasu. Ƴaƴansa ba azzalumai ba ne, tsoro suke kada gonar da za su ci ta tafi a banza. Mai yiwuwa ne bayan an ji shi, alƙali ya ga duk da haka cinikin bai yi ba. Abin da nake cewa shi ne maganar watan azumin tsofaffi hujja ce, kuma babu wanda ke da ita a duniya sai shi, kuma ba ta fito ba sai da aka karanta masa takardar da harshen da yake ji. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, ko da kuwa idonsa ya fara rauni.

Sai mu zo ga ita fassarar. Kundin 1804 ya ambaci halaye uku da ake hana mutum ikonsa saboda su: imbécillité, démence, fureur. Faransa da kanta ta sauya wannan tsari a 1968, ta sake gyara shi a 2007. Kalmar démence kuwa ta rayu a bakin likitoci da ma'anar lalacewar ƙwaƙwalwa irin ta tsufa. Ka ba tafinta mai gaggawa wannan kalma, cikin zafin rana, ga mutane cike da ɗaki, me zai ce? “An ce kana da hauka.” Alhali Hausa ba ta talauce a nan ba. Muna da hauka tuburan, muna da taɓin hankali, muna da gigin tsufa, mantuwa, wauta, dolanci, farfaɗiya mai zuwa ta tafi, ga kuma bugun iska. Kowace da hukuncinta a idon jama'a. Mai gigin tsufa ana tausaya masa, ana ci gaba da gaishe shi a durƙushe. Mahaukaci yara ke jifa. Kuma a Arewa, inda bori ke da tushe mai zurfi (Adeline Masquelier ta yi littafi guda a kan borin Dogon Dutsi a 2001), akwai gidajen da abin da likita ya kira cuta su suna ganinsa kiran iskoki ne, wanda idan an yi girka mutum ya koma harkarsa. Ba sai ka yarda da su ba kafin ka gane cewa kalmar da tafinta ya zaɓa za ta iya sa dattijo ya saurara ya ba da amsa, ko ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya fita, fitar kuma a rubuta ta cikin dosiye a matsayin ƙarin shaida.

Yanzu bari in ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, don masu cewa a ɓoye ba duka ne marasa imani ba. Akwai uwar da ta gaya wa likita a asirce cewa ɗanta ya zare mata wuƙa da dare. Idan aka karanta masa wannan da sunanta, gida ɗaya za su koma su kwana. Akwai kuma wanda jin sunan cutarsa kwatsam zai iya karya shi, har ya yi wa kansa illa. Dokoki sun san da haka. A Faransa, wanda ake neman sa wa mai riƙo yana da ikon duba dosiyensa a ofishin magatakarda, amma alƙali na iya cire wasu takardu idan ganinsu zai yi masa mummunar illa a rai, da sharaɗin ya rubuta dalilinsa kuma a sanar da mutumin cewa an cire. Shi ma Halil, cikin waɗanda ya keɓe daga i'izari, ya sa mutumin da ake tsoron sharrinsa: ba a faɗa masa sunayen shaidu. A Ingila kuwa, inda ke da kotu ta musamman don masu raunin hankali ƙarƙashin dokar 2005, an gano a 2022 cewa an yi wajen shekara biyu ana ba wata budurwa magani a ɓoye bisa umarnin da aka bayar a zaman sirri, mahaifiyarta da lauyoyinta suna ta shari'a a fili ba su sani ba. Abin ya tayar da ƙura, har a watan Fabrairu 2023 mataimakin shugaban kotun, mai shari'a Hayden, ya fitar da ƙa'ida cewa asali kowa ya ga duk abin da kotu za ta dogara da shi, ɓoyewa sai da larura kuma a riƙa sake dubawa.

Ni ga inda na tsaya. Ana iya ɓoye sunan wadda ta yi magana, ba a ɓoye abin da aka ce. A gaya masa ana cewa ka taɓa zare wuƙa, me za ka ce? Ana iya sauya wuri da lokaci: maimakon ɗakin kotu cike da jama'a, a zauna da shi a ofis, da wani da ya amince da shi, a bi da shi sannu, ko da zama biyu ne. Idan kuma ya kai halin da ko an karanta ba ya ji, to a karanta wa wanda zai tsaya masa, kuma wannan mutum kada ya zama mai rabo a gonar. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mai wuya a wajenmu, domin wanda ya fi kusa da kai, mai kai ka asibiti da kuɗinsa, shi ne kuma magajinka. Ba zargi ba ne, haka zumunci yake. Amma ko don a kare shi ɗan daga bakin mutane, gara a samu kawu ta wajen uwa, ko liman, ko wani dattijo da ba ya cikin gadon. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne tausayin da ba a rubuta dalilinsa ba. “Kada mu tayar masa da hankali” magana ce mai daɗi, kuma da ita ake raba mutane da gonakinsu.

Sannan akwai mai saye, wanda muke yawan mantawa da shi. Ya ba da kuɗinsa, wataƙila ya haƙa rijiya ya dasa mangwaro. Shi ma i'izari ya hau kansa, dole ya ji hujjar da za a karɓe masa gona da ita. Amma me zai ji? Abin da ya shafi hankalin mai sayarwa a lokacin ciniki. Ba shi da hurumi a kan sauran karnen asibitin tsoho, ciwon mafitsara ne, ko abin da ya gaya wa likita game da iyalinsa. A nan ne ake yin sakaci ta ɗaya gefen: maimakon a nemi likita ya amsa tambaya guda, sai a kwaso karne gaba ɗaya a yi fotokofi a cusa cikin dosiye. Likita yana da wajibin riƙe sirri, Nijar kuma tana da dokar kare bayanan mutum tun 3 ga Mayu 2017, amma da zarar takarda ta bar hannun likita ta shiga hannun dangi, ba dokar da ke bin ta zuwa shagon fotokofi.

Kuma kun san abin da kalmar hauka ke yi idan ta fita gari. Kafin a ba da aure ana bincike, kuma cikin abubuwan farko da ake tambaya akwai ko gidansu da hauka. Ƴaƴan da suka ci shari'ar gona da takardar likita za su iya wayar gari su tarar manemin ƙanwarsu ya daina zuwa, ba wanda ya ce musu don me. Magana zarar bunu ce. Kundin 1804 ma cewa ya yi a liƙa sunan wanda aka hana ikonsa a allon kotu da ofisoshin notaye, don kada wani ya yi ciniki da shi cikin rashin sani. Dalilin yana da ma'ana a birnin da mutane ba su san juna ba. A Dankasari ko Dumega, inda kowa ya san kakan kowa, allon nan ba ya gogewa har jikoki. Kakanninmu da ke kai ƙara gaban dutsen Tunguma a wajen Lugu ba su da dosiye, komai a fili ake yi, kowa na ji har mai abin. Ba na cewa a koma can, mai taɓin hankali bai ji daɗin wancan zamani ba shi ma. Amma mu yanzu mun haɗa biyu marasa kyau: gari na ji kamar da, mai abin kuma ba ya ji.

Abin da zan so in gani ƙarami ne, bai kai a kira shi gyaran doka ba. Layi uku a cikin dosiye: wane ne ya karanta wa mutumin takardun, da wane harshe, kuma me ya ce, da kalmominsa, ba taƙaitawar tafinta ba. Idan mai ajami ne, a ba shi fassarar da ajami ya tafi da ita gida ya sake dubawa bayan sallar asuba, lokacin da kan tsofaffi ya fi zama daidai. Likitoci ma sun san masu gigin tsufa sun fi ruɗewa da yamma, amma ana iya kiran shari'arsu ƙarfe ɗaya na rana bayan sun yi tafiyar sa'o'i a bayan amalanke ko kabu-kabu ba su karya ba.

Mu kuma ƴan sashen harshe, namu aikin shi ne kalmomin da tafinta zai ɗauka. Ni da abokai biyu mun fara jera kalmomin da ke yawan fitowa a takardun likitocin ƙwaƙwalwa muna neman Hausarsu, kuma tun a ta farko muka maƙale. Ɗaya ya ce démence a ce “gigin tsufa”. Ɗayar ta ce to idan mai ita ɗan shekara hamsin ne fa, ko bugun jini ne ya jawo ta? Ni na kawo “raunin ƙwaƙwalwa”, suka ce wannan ya yi faɗi, har wanda aka haifa da shi zai shiga. Wanda ke da kalmar da ake faɗi a garinsu, musamman ƴan Tibiri da Sukukutan da Dogon Kiriya, ya rubuto ta tare da jumlar da ya ji an yi amfani da ita a ciki, ya ba masu haɗa wannan ɗan littafi kafin fitowa ta gaba.